Yadda za ka ɗaura wa babur keken gefe

Sami wuri mai daɓen siminti tukuna. Keken gefe, wato ɗan akwatin zama mai taya ɗaya da ake haɗawa a gefen babur, a dama yake zama, tunda hannun dama muke bi a titi.

1. Kai babur wurin mai walda, ba a rasa su a Sabon Gari ko Tudun Wada. Ya haɗa maƙalai huɗu, wato ƙarafan da za su riƙe keken, a jikin firam, biyu sama, biyu ƙasa.

2. Jawo keken, tayarsa ta kasance a gaban tayar baya ta babur da kamar santimita 20. Ɗaura notuna, kada ka ƙulle.

3. Nan aikin yake. Shimfiɗa miƙaƙƙun katakai biyu, ɗaya jikin tayoyin babur, ɗaya jikin tayar keken. Auna tazararsu: ta gaba ta gaza ta baya da santimita 1 zuwa 2. In ka yi ganganci a nan, kan babur zai riƙa fizgarka, taya kuma ta cinye da wuri.

4. Babur ya ɗan karkata hagu kaɗan, sannan ka ƙulle notuna tam.

5. Jefa buhun yashi a ciki ka gwada a fili. Kwanar dama a hankali, malam, domin tayar keken tashi sama take yi.