Yadda ake juya yanayin sikirmiyon da filin lantarki a cikin Cu2OSeO3

Sikirmiyon ɗan ƙulli ne na maganaɗisu, inda alƙiblar maganaɗisun ƙwayoyin zarra ke murɗewa kamar ƙaramar guguwa. A ƙarfe irin MnSi da kwararar lantarki ake tura shi, abin da ke haifar da zafi. Cu2OSeO3 kuwa, wato kiristal na jan ƙarfe da seleniyom da oksijin, lantarki ba ya ratsa shi, kuma murɗewar maganaɗisunsa na raba cajin lantarki gefe biyu, don haka filin lantarki kaɗai ya isa ya taɓa sikirmiyon. A 2012 ne Seki da abokan aikinsa a Japan suka fara ganin sikirmiyon a cikinsa.

Da farko a samu kiristal guda mai kyau. Ana tsirar da shi daga CuO da SeO2, kashi 2 da 1, a cikin rufaffen bututun kwatz, kuma launinsa kore ne mai duhu. A tantance alƙiblarsa da hoton Laue, wato hoton X-ray da ke nuna yadda zarra suka jeru a ciki, kafin a yanka.

Nan ne aikin ke tashi ko faɗuwa. Rabuwar cajin ta dogara ne kan inda filin maganaɗisu ya fuskanta a cikin kiristal, kuma da lambobi irin [001] ake rubuta waɗannan alƙiblu. Idan ya bi [001], jimillarta sifili ce, filin lantarki ba shi da abin kamawa. Idan ya bi [110], tana kwantawa ta [001]. Idan ya bi [111], ita ma [111] take bi. Mai son faɗaɗa yankin sikirmiyon, wato iyakar zafi da ƙarfin filin maganaɗisu da suke bayyana a ciki, ko tsuke shi, ya ɗora filayen biyu kan [111]. Mai son juya jerin sikirmiyon kuwa, wato tsarin da suke jeruwa a ciki, filin maganaɗisu kan [1-10], na lantarki kan [111], kamar yadda White da abokansa suka yi, suna duba jerin ta hanyar harba niyutiron cikin kiristal.

A yanka faranti siriri, a goge fuskokin biyu su daidaita, a shafa fentin azurfa a kowace fuska don haɗa wayar bolt, amma kada ya kai baki. Dalilin sirantar lissafi ne: bolt 1000 a kan kaurin milimita 0.5 na ba da kilobolt 20 a santimita. A 2016 Okamura da abokansa sun yi aiki da kilobolt 30 a santimita.

Bayan an saka samfurin a na'urar sanyaya, a zuƙe iskar hiliyom da ke kewaye da shi. Hiliyom mai ƙarancin matsi na saurin barin tartsatsi ya tsallaka, kuma tartsatsi ɗaya kan ƙona fentin ko ya tsaga kiristal. Sai dai zuƙe iskar na raunana isar sanyi, saboda haka a manna samfurin kan dutsen safaya, wadda ke ɗaukar zafi amma ba ta ɗaukar lantarki, a kuma ajiye ma'aunin zafi dab da shi.

Kada a kunna bolt tukuna. A fara zana taswirar yanayi ba tare da filin lantarki ba. Maganaɗisun na kankama ne wajen 58 K (kelvin, ma'aunin zafi da ke farawa daga matuƙar sanyi), yankin sikirmiyon kuma ɗan tsibiri ne a ƙarƙashinsa, faɗinsa bai fi digiri biyu ba, a filin da ke kusa da militesla 20 zuwa 30, gwargwadon siffar samfurin. A awon amsawar maganaɗisu ga fili mai kaɗawa, yankin na fitowa kamar rami tsakanin tudu biyu. Da niyutiron kuwa ɗigo shida ake gani a zagaye, tazarar jerin kusan nanomita 60.

Sai a tsaya a bakin iyakar tsibirin, inda kuzarin sikirmiyon da na yanayin mazugi, wato tsarin maganaɗisun da ke kewaye da tsibirin, suke kusan kunnen doki. A ƙara bolt sannu a hankali ana duban lantarkin da ke yoyo. Da ya fara tsalle, a sauke. Wata alƙiblar filin na faɗaɗa tsibirin, kishiyarta na tsuke shi.

Juya alƙiblar nan ita ce shaidar gaskiya. Zafi bai san hagu da dama ba, don haka in bolt mai ƙari da mai ragi sun ba da sakamako iri ɗaya, ɗumama samfurin kawai aka yi.

Wani tarkon shi ne tarihin samfurin. Sauyin yanayin nan na da jan ƙafa, kuma in aka sanyaya da sauri, sikirmiyon kan daskare ya zauna har ƙasa da yankinsa. Kafin kowane awo a ɗumama zuwa wajen 70 K, a sa filin lantarkin da ake so, sannan a sauko da gudu iri ɗaya. A gwajin juya jeri ma, filin lantarki kaɗai kan kasa ɓamɓare jerin daga inda ya maƙale, sai an ɗan girgiza filin maganaɗisu sama da ƙasa kafin ɗigon shida su karkata.