Darasi na 7: Jihohin Nijar da yadda za ka faɗi inda ka fito

To jama'a, yau kan jihohin ƙasarmu za mu tsaya. Nijar jiha 8 ne idan an haɗa da Yamai babban birni, sauran su ne Agadas, Difa, Doso, Maraɗi, Tawa, Tilaberi da Damagaram wadda a takardun gwamnati za ka ga an rubuta Zinder, kar ka rikice abu ɗaya ne. Kuma haka jerin yake a tsofaffin lambobin mota, 1 Agadas, 4 Maraɗi, 7 Damagaram, 8 Yamai, shi ya sa yaran tasha da ba su taɓa shiga aji ba suna hango mota su ce maka daga inda ta fito.

Agadas ita kaɗai ta fi rabin ƙasar faɗi amma yawanci hamada ce, a ƙidayar 2012 mutanenta ba su kai rabin miliyan ba, alhali Damagaram da Maraɗi kowacce ta haura miliyan 3. Jama'a inda ruwan sama yake suke taruwa ai. A Arlit cikin Agadas ake haƙo uraniyom, man fetur kuma a Agadem cikin Difa, ana tace shi kusa da Damagaram tun 2011. Albasar Galmi da ake kaiwa har Gana daga jihar Tawa take. Damagaram ce ma hedikwatar ƙasa a da, sai a 1926 Turawan Faransa suka mai da ita Yamai.

Yanzu ga abin da zai yi maka amfani ranar da ka je cike takarda. Kowace jiha gwamna ne a kanta. An raba jiha gunduma gunduma, 63 ne a duk ƙasar tun 2011, ita ma gunduma an raba ta ƙananan hukumomi inda ofishin magajin gari yake, nan ne ake yin takardar haihuwa da ta aure, ba sai ka ɓata kuɗin mota zuwa ofishin gwamna ba. Mutane da yawa idan ma'aikaci ya ce daga ina, sai su ce "daga Maraɗi" kawai su yi shiru, to Maraɗin wacce, birnin ko jihar? Mutumin Ɗan Isa, can bakin iyaka da Jibiya, ga yadda zai ce: ƙaramar hukumar Ɗan Isa, gundumar Madarumfa, jihar Maraɗi. Daga ƙasa ake farawa a hau sama. Sarkin gari da mai unguwa suna nan da darajarsu, sai dai a takarda waɗannan ukun ake tambaya.

Aikin gida: rubuta sunan garinku, da ƙaramar hukumarku, da gundumarku, da jiharku, kowanne a layinsa. Wanda ke da katin ɗan ƙasa ya zo da shi gobe mu duba yadda aka rubuta wurin haihuwarsa.