Yadda ake naɗar shaidar waɗanda suka tsira daga kisan ƙare-dangi, a adana ta, a isar da ita ga matasa

A watan Mayun 1899 rundunar Faransa da Voulet da Chanoine ke jagoranta ta afka wa Birnin Konni, a cikin jahar Tahoua ta yanzu, ta ƙone garin ta kuma hallaka jama'a masu ɗimbin yawa, makonni kaɗan bayan karawar da ta yi da Sarauniya Mangu a Lugu. Mafi yawan abin da aka rubuta a wancan lokaci daga alƙalamin hafsoshin Faransa ya fito, abin da ya rage na bakin mutanen gari kuwa jikoki da tattaɓa-kunne ne ke faɗinsa, kowane da abin da ya tsinta. A Ruwanda, inda aka kashe mutane kimanin 800,000 bisa ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya cikin kwanaki ɗari a 1994, mafi yawansu ƴan ƙabilar Tutsi, an fara naɗar bayanin waɗanda suka tsira tun suna raye, kuma yau ɗalibi na iya zuwa wurin tunawa na Gisozi a Kigali, wanda aka buɗe a 2004, ya saurare su da kunnensa. Wannan jagora an yi shi ne domin malamin makaranta ko ɗalibin jami'a ko ma'aikacin gidan rediyo a Yamai da Tahoua da ke son yin irin wannan aiki da ɗan abin da ke hannunsa. Masu irin wannan shaida suna cikinmu: akwai ƴan gudun hijira, akwai kuma waɗanda suka tsira daga hare-haren da aka kai ƙauyukan yankin Tillia a watan Maris na 2021, inda gwamnati ta sanar da mutuwar mutum 137.

Kafin komai, mai naɗa ya san cewa shi ba alƙali ba ne. Yarjejeniyar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita ranar 9 ga Disamba 1948 ta ce kisan ƙare-dangi shi ne wanda aka yi da niyyar shafe wata al'umma, gaba ɗaya ko wani sashe nata, saboda ƙasarta ko ƙabilarta ko launinta ko addininta. Tabbatar da wannan niyya aikin kotu ne da masana tarihi. Hanyar naɗar shaida ɗaya ce, ko abin da ya faru ya cika wannan sharaɗi ko kuwa kisan gilla ne na wani iri, saboda haka kada a cusa wa mai magana sunan da za a kira abin da ya same shi.

Neman izini

Ba a fara wannan aiki da na'ura a hannu. Ziyarar farko ta gaisuwa ce, a je tare da wanda gidan suka sani, a gaida maigida, in ƙauye ne a bi ta wurin maigari da liman. Amma yardar maigari ba ta maye gurbin yardar mai shaida, kuma yardar miji ba ta wadatar a madadin ta matarsa. A zauna da mutumin shi kaɗai a yi masa bayani dalla-dalla: "Baba, muna so ne jikokinku su ji wannan daga bakinku. Za mu ajiye muryar a wuri kaza, mutane kaza ne za su iya ji, kuma duk ranar da kuka ce a janye, za a janye." A tambaye shi ko yana so a ambaci sunansa ko a sakaya, ko ya yarda da hoto ko murya kaɗai, ko ya yarda a sa a rediyo ko sai bayan ransa. Wanda bai iya karatu ba, a naɗi yardarsa da bakinsa a farkon faifan, ya fi sa hannu a takardar Faransanci da bai san abin da ta ƙunsa ba. Murya da suna da hoto bayanan sirri ne da doka ke karewa a Nijar, kuma akwai hukumar HAPDP da ke kula da wannan fanni, don haka ƙungiyar da za ta tara shaidu da yawa ya kamata ta nemi bayani a wurinta tun da wuri.

Wasu dattawa za su ce a bar kaza cikin gashinta, abin da ya wuce ya wuce, Allah ya riga ya ƙaddara. Wannan amsa ce cikakkiya, a karɓe ta da ladabi a yi sallama. Sau da yawa wanda ya ƙi yau shi ke aikowa bayan wata biyu, in ya ga ba a yi wasa da maganar maƙwabcinsa ba. Kuɗi kuma kada su shiga tsakani. Goro ko sukari da shayi na gaisuwa ba laifi, amma da zarar an ji ana biyan labari, za a fara samun labaran da aka ƙera domin biyan.

Zaman naɗa

Wayar salula mai kyau ta isa, in an haɗa ta da ƙaramin makirfo da ake maƙalawa a wuyan riga. A naɗa da tsarin WAV, wanda ba ya matse murya. A mafi kyawun ingancin da aka saba, awa guda kan ci kusan giga ɗaya, don haka a tanadi katin memori mai fili da batirin hannu cikakke, a kuma rufe layin wayar don kada kira ya katse zaman. A zaɓi ɗaki mai tabarma da labule, nesa da janareto da injin niƙa, a kashe fanka ko da zafi ya matsa, a kuma kauce wa lokutan salla. A farkon faifan mai naɗa ya faɗi kwanan wata, da gari, da harshen da za a yi magana da shi. Mutum ya yi magana da harshen da yake mafarki da shi, Hausa ce ko Zabarmanci ko Tamashek ko Fulatanci, ko da ya iya Faransanci, in ya so a nemi tafinta amintacce wanda ba ɗan gidan ba.

Gidauniyar Shoah da aka kafa a Amurka a 1994, wadda ta naɗi shaidu kusan 52,000 na waɗanda suka tsira daga kisan da ƴan Nazi suka yi wa Yahudawa da na wasu da suka gani da idonsu, ta bi tsarin kashi uku: rayuwa kafin abin ya faru, lokacin da ya faru, da rayuwa bayansa. Wannan tsari ya dace da mu ƙwarai. A fara da ƙuruciya, da gona, da ranar kasuwa, da sunayen maƙwabta da yadda ake zama da su, domin matashin da zai saurara ya san cewa waɗanda aka kashe mutane ne masu sana'a da bukukuwa da bashi a kan juna. Kashi na farko ne kuma ke nuna yadda abin ya tsiro, wato ranar da aka fara kiran wasu da wani suna, da ranar da aka daina cin abinci tare. A Ruwanda gidan rediyon RTLM ya yi watanni yana kiran ƴan Tutsi kyankyasai kafin a ɗauki adda.

Tambaya ta kasance gajera mai buɗe baki: "Inna, daga nan sai me ya faru?" Kada a ce "Ai kun ji tsoro, ko?", domin wannan sa wa mutum magana a baki ne. Idan ya yi shiru, a bar shirun ya yi tsawonsa, kada a cike shi da wata tambaya. Idan kuka ya zo, a tambaye shi ko yana so a tsaya, a ba shi ruwa, shi ne zai yanke. Kada a gyara masa kwanan wata ana cikin naɗa. Dattawanmu da damina da kaka da watan azumi suke lissafi, ko su ce shekarar da Kountché ya karɓi mulki, ko shekarar farin 1984, kuma daga baya mai bincike zai iya daidaita waɗannan da kalanda. Akwai kuma alkunya: tsohuwa ba za ta kama sunan mijinta ko na ɗanta na fari ba, ko da su ne aka kashe a gabanta. Kada a matsa mata. A nemi sunayen daga wani ɗan gidan, a rubuta su a takardar da ke rakiyar faifan, domin sunayen mamata na daga cikin mafi darajar abin da ake tarawa.

Mace ce ya kamata ta naɗi shaidar mace, cikin ɗaki, ba tare da maza a kusa ba. A shari'ar Jean-Paul Akayesu, wani tsohon magajin gari a Ruwanda, a 1998, kotun ƙasa da ƙasa da ta zauna a Arusha ta ƙasar Tanzaniya domin shari'ar kisan Ruwanda ta yanke cewa fyaɗe na iya zama aikin kisan ƙare-dangi, kuma bayanin matan da suka tsaya gabanta ne ya kai ga wannan hukunci. Irin wannan shaida ita ce ta fi wuyar fita, ita ce kuma ta fi saurin ɓata rayuwar mai ita in ta faɗa hannun da bai dace ba. Zama kada ya wuce awa biyu. A rufe da maganar yau, ƴaƴa da jikoki da addu'a, kashegari kuma a koma a gaishe shi, in an ga bai yi barci ba a haɗa shi da ma'aikacin lafiya.

Ajiya

Zafin bazara da ƙurar hunturu da ɗaukewar wuta maƙiyan faifai ne. A ranar da aka naɗa a yi kwafi uku: ɗaya a kwamfuta, ɗaya a faifan ajiya na waje cikin leda da akwati, ɗaya a wani gari ko a ma'ajiyar intanet mai kalmar sirri. Kada a dogara da WhatsApp wajen ajiya, kuma kada a taɓa yanke faifan asali. Duk gyara a kan kwafi ake yinsa. Kowane faifai ya samu lamba maimakon suna, a ajiye littafin da ke haɗa lamba da suna a wani wuri dabam. Sannan a rubuta maganar kalma da kalma cikin harshenta, da boko ko da ajami, kafin a yi batun fassara. Wannan shi ne aiki mafi cin lokaci, domin awa guda ta magana kan ɗauki sa'o'i da yawa wajen rubutawa. A Yamai akwai cibiyar CELHTO, da aka kafa a 1968 domin tattara tarihin baka wadda yanzu ke ƙarƙashin Tarayyar Afirka, akwai kuma IRSH, cibiyar binciken kimiyyar zamantakewar ɗan adam ta Jami'ar Abdou Moumouni, kuma ya dace a tuntuɓe su kan ajiyar dogon lokaci. Mai shaida da iyalinsa su ma a ba su nasu kwafin.

Isar da ita ga matasa

A nan ne aka fi yin ɓarna. Yanke daƙiƙa talatin na kukan tsohuwa a ɗora masa kiɗan tausayi a saki a Facebook ko TikTok cin amana ne, kuma cikin sa'o'i kaɗan za a same shi a ƙarƙashin kalaman zagin wata ƙabila. A aji, malami ya saurari faifan gaba ɗaya tukuna, ya zaɓi minti biyar zuwa goma, ya fara da taswira da bayanin lokacin, sannan ya kunna, ya kuma bar rabin darasin domin tattaunawa. Ƴan firamare ba a kunna musu bayanin kisa. A ba su kashin rayuwar gari da labarin waɗanda suka yi ceto. Akwai misalin Zura Karuhimbi, tsohuwar da ta ɓoye mutane da dama a gidanta a Ruwanda a 1994, tana tsorata ƴan bindiga da cewa tana da asiri. Mai naɗa ya riƙa tambayar kowane mai shaida ko akwai wanda ya taimake shi daga ɗaya ɓangaren, domin wannan amsa ce ke hana saurayi ɗora laifin wasu mutane a kan ƙabila sukutum.

Fadar matasa da gidajen rediyon karkara sun fi aji kai wa ga jama'a, amma sharaɗin bai canza ba: a cire sunayen waɗanda ake zargi da ba kotu ta hukunta ba, a sakaya sunan ƙauye in har masu laifin na kusa, a kuma samu dattijo ko malami a wurin da zai amsa tambayoyi. Ranar 7 ga Afrilu, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware domin tunawa da kisan Ruwanda, da ranar 9 ga Disamba, ranar da aka amince da waccan yarjejeniya ta 1948, lokuta ne da makaranta za ta iya shirya zaman saurare. Kafin kowane irin wannan zama a koma wurin mai shaida a kunna masa ainihin sashen da za a yi amfani da shi, a sake neman yardarsa, domin halin tsaro a garinsa yana iya canzawa tun bayan ranar da aka naɗa.