Kayan haya a Madison: na ɗakin karatu da na mai gida

Duk watan Agusta sai na ga sababbin fuskoki daga Kano, Zariya ko Damagaram sun sauka Madison, a jihar Wisconsin ta Amurka, kowa da rigar sanyin da ba za ta kai shi Nuwamba ba. Sannunku da zuwa. Jami'ar nan ta Wisconsin ita ce inda Baturen nan masanin Hausa, Neil Skinner, ya koyar da Hausa, ba baƙon harshe kuka kawo ba. Zancen sanyi kuwa ba zan ɓata bakina ba, jikinku zai gaya muku.

Ku nemi aiki cikin jami'a da wuri. Bizar ɗalibi awa 20 a mako ta yarje muku lokacin karatu, kuma da takardar ɗaukar aikin ake neman lambar Social Security, wato lambar shaidar da gwamnatin Amurka ke ba ma'aikaci. Ni a ɗakin karatun kiɗa na Mills na samu, cikin akwatunan Tams-Witmark, kamfanonin Niyok biyu da suka haɗe a 1925 suna ba gidajen wasa hayar kayan operetta, wato wasan kwaikwayo na raha mai haɗa waƙa da magana. Ga littafin mai tuna wa 'yan wasa abin faɗa, ga takardar mai goge daban, ta mai busa daban, wasu da Turanci, wasu da Jamusanci. Wani ƙanenmu da na kai ya leƙa ya ce, "Yaya, ai wannan tarkace ne." Tarkacen nan masana ke tasowa daga nesa su gani. Da fensir ake aiki, kuma ba a goge komai, don alamar da wani makaɗi ya yi inda aka tsallake baiti ita ce shaidar yadda aka yi wasan. Tsohon rubutun hannun Jamusawa, Kurrent, sai da na yi wata uku ina karanta "e" a matsayin "n".

Inda na ji jiki shi ne gida. Yawancin hayar kusa da jami'a 14 ga Agusta take ƙarewa, sabuwa ta fara 15, sai ka kwana ɗaya da katifarka ba wurin shimfiɗawa. Mai gidana na farko ya ce ba ni da tarihin bashi a Amurka, sai na kawo mai tsaya mini. Wani dattijonmu ya sa hannu, ko garinmu bai tambaya ba, Allah ya saka masa. Aka miƙo mini takardar duba lafiyar ɗaki, na cusa a jaka, wai kunya nake ji in lissafa wa mutum aibin gidansa. Ashe kwana 7 dokar Wisconsin ta ba ni in cike. Da na tashi, ƙunar kafet da tsagewar tagar da na tarar duk a kuɗin ajiyar da na ba mai gida lokacin kama ɗakin aka cire. Ni da nake wuni ina rubuta yagewar takardun hayar wasu, ɗakina ban rubuta ko layi ɗaya ba!

Ku cike takardar ranar da kuka karɓi makulli, ku ɗauki hoton kowane tabo. In kun tashi, kwana 21 mai gida yake da su ya dawo da kuɗin ajiya ko ya rubuto dalilin abin da ya cire.

Bana mutum biyu na gaya wa. Ɗaya ya cike, ɗayan ya ce ai mai gidansa mutumin kirki ne.