Kurakuran da ɗalibai suka fi yi wajen zanen fashewar taurari

Tun da hotunan na'urorin hangen nesa na Hubble da James Webb suka fara yawo a wayoyi, ɗalibai da dama a Damagaram suka ɗauki alli da fenti suna kwaikwayonsu, sai dai akwai kurakuran da ake maimaitawa daga aji zuwa aji.

Babbansu shi ne a zana fashewar tauraro tamkar gobarar kasuwa, harshen wuta yana miƙewa, hayaƙi yana tashi sama. A sararin samaniya babu iskar da za ta ɗauki hayaƙi, babu sama balle ƙasa, saboda haka abin da tauraron ya watsar yakan bazu ta kowace fuska. Gyaran shi ne ɗalibi ya fara daga tsakiyar takarda yana jan layukansa zuwa waje, ba tare da ya yi da'ira cif ba. Ya dubi hoton Crab Nebula, ragowar tauraron da masanan ƙasar Sin suka ga fashewarsa a 1054, zai tarar da zare-zare a cukurkuɗe, wani gefen ya fi wani tsawo.

Sai batun launi. Yawancin yara suna ɗaukan ja a matsayin mafi zafi, alhali tauraro shuɗi ya fi ja zafi nesa ba kusa ba. Kuma na'urar James Webb, wadda aka harba zuwa sararin samaniya a 2021, tana ɗaukar hasken da ido ba ya gani, masana ne suke sanya wa hoton launuka daga baya. A ganina wannan dama ce: ɗalibi ya zaɓi launinsa, muddin zai iya gaya wa malami abin da kowane launi yake nufi.

Tsinin hasken da ake gani a jikin taurari daga ƙirar na'urar yake fitowa, huɗu a hotunan Hubble, manya shida a na Webb, don haka kada a cakuɗa su a zane ɗaya. Kada kuma a sa Rana ta fashe, domin nauyinta bai kai ba.

Jera taurari sahu-sahu a farar takarda ma kuskure ne. A nemi baƙar takarda, a tsoma tsohon buroshin haƙori a farin fenti, a watsa da babban yatsa, sannan a ƙara manya kaɗan da hannu bayan fentin ya bushe.