Kafin ka sayi na'urar karanta littafi, ninke takardar A4

Na'urar da na fara saya mai inci 6 ce. A littattafan labari ba ni da ƙorafi a kanta: tana shiga aljihun riga, kuma da hannu ɗaya nake riƙe ta a mota. Ranar da na zuba mata wani littafin fiƙihu na PDF, irin wanda aka ɗauki hoton shafukansa, a ranar na san na yi garaje. Matani ya koma kamar jerin tururuwa. Hashiyar da ke ƙasa kuwa sai na ƙara girma, in yi ta jan shafi dama da hagu, ga shi irin wannan allo ba shi da saurin na waya.

Saboda haka fara duba abin da ka tara a wayarka. Idan yawanci EPUB ne (tsarin littafin lantarki da ba hoton shafi ba) ko littattafan Kindle, na'urar karatu ta kamfanin Amazon, rubutunsu yana bin allo. Ka ƙara girman harafi, layuka su sake jeruwa da kansu. A nan inci 6 ko 7 ya wadatar. Ƙaramar Kindle da Kobo Clara inci 6 ne, Kobo Libra inci 7, Kindle Paperwhite ta 2021 tana da 6.8, ta 2024 kuma 7. PDF shi ne mai taurin kai. Shafinsa a daskare yake, sai dai na'ura ta matse shi gaba ɗaya ya shiga allo.

Ga gwajin da nake sa ɗalibaina su yi. Ana auna allo ne daga kusurwa zuwa kusurwa, shi ya sa lambar ke ruɗar mutane. Ɗauki takardar A4 ka ninke ta biyu. Abin da ke hannunka ya yi kusa da allo mai inci 10, kamar Kindle Scribe ta 2022 mai 10.2 ko Kobo Elipsa mai 10.3. Sake ninkewa, ka samu kusan inci 7. Mai inci 6 bai ma kai haka ba, wajen santimita 9 ne a faɗi, 12 a tsawo. To je shagon hoton takardu da littafin da ka fi karantawa, a rage maka shafi ɗaya zuwa kowane girma. Wanda ka karanta wasullansa da hashiyarsa ba tare da ka matse ido ba, shi ne naka.

Amma babba akwai nauyi. Scribe ta 2022 ta haura giram 400, Paperwhite kuwa ɗari biyu da 'yan kai. Mai karatu a kwance zai ji bambancin a wuyan hannu kafin ya gama babi ɗaya, ga kuɗin ma ba ɗaya ba ne. Akwai masu inci 8 irin Kobo Sage, sai dai ni a ganina ba su shiga aljihu, kuma PDF mai shafin A4 bai sake a cikinsu ba.

Mai raunin ido kada ya ruga wa babba kai tsaye. In EPUB yake karantawa, inci 7 da manyan haruffa ya ishe shi. Ni dai na ƙare da biyu: ƙaramar tana jaka, babbar tana kan tebur kusa da ƙamus.