Darasi na 7: Wa ke biyan mai tallan kayan ƙawa?

Mai tallan kayan ƙawa aikinta shi ne ta sa tufa, ta taka a kan dandamali ko a ɗauke ta hoto, don mai saye ya ga yadda ɗinki ke zama a jiki. Maza ma suna yi. Da wannan sana'a za mu koyi yadda buƙata ke juya kasuwa.

A wurin masana tattalin arziki, sha'awa kaɗai ba buƙata ba ce. Sai mutum yana son abu, yana da kuɗinsa, kuma ya yarda ya biya. Wanda ya tsaya a Kantin Kwari yana shafa shadda yana yabawa, aljihu babu ko sisi, bai ƙara wa kasuwa komai ba.

To, wa ke biyan mai talla? Mai zanen tufafi ne, ko kamfani, ko mujalla. Su ma ba don kyanta kawai suke nemanta ba, so suke kayansu su shiga. Masanin Ingila Alfred Marshall ya yi bayanin haka tun a 1890: akwai buƙatar da ke rataye a wuyan wata. Misalinsa masu shafen gini ne, ana nemansu saboda ana neman gidaje. Idan mutane suka rage sayen sutura, aikin mai talla ya tsaya, ko da ta fi kowa iya taku.

Lokaci ma yana da tasiri. New York, Landan, Milan da Paris suna manyan makon nunin kaya sau biyu a shekara, wajen Fabrairu da Satumba. Legas ta fara nata a 2011. A Nijar, mai zanen tufafi Alphadi ya kafa bikin nunin tufafin Afirka mai suna FIMA a 1998, a hamada kusa da Agadas. A irin waɗannan kwanaki ana rububin masu talla, bayan nan kasuwa ta yi sanyi, kamar shagon tela bayan Sallah. Doka ma tana karkata buƙata: daga 1 ga Oktoba 2022, hukumar kula da tallace-tallace ta Nijeriya, ARCON, ta hana sa 'yan ƙasar waje a tallace-tallacen Nijeriya, aikin ya koma ga 'yan gida.

Ga inda ya kamata iyaye da matasa su nutsu. Masu son aikin sun fi aikin yawa nesa ba kusa ba. Idan wata ta ƙi farashi, akwai wasu a layi, shi ya sa ladan yawancinsu kaɗan ne, wasu ma da tufa ake sallamarsu. 'Yan ƙalilan da sunansu kaɗai ke sayar da kaya su ke yanka farashin da suke so, domin ba su da madadi. Kamfanin dillanci, mai samo wa mai talla aiki, kuma yakan cire la'ada, galibi kashi 20 cikin 100, bayan an biya kuɗin aiki. Wanda ya ce sai kin ba shi kuɗi kafin ya samo miki aiki, ki yi hattara da shi.

Aikin aji

1. An biya mai talla naira 50,000, dillali ya cire kashi 20 cikin 100. Nawa ya rage mata?
2. A sana'arka, buƙatar wa ce ke kawo maka aiki? Rubuta jimla biyu.
3. A wane wata kasuwarku ta fi ci, kuma me ya sa?